Baffa zai sayar da gona in tafi karatun gandun daji a Ingila: in karɓa ko in haƙura?

Ɗan Kumo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Gandun daji da namun daji na karanta, shekara biyar cur, na gama bautar ƙasa a Ondo wata bakwai ke nan. Tun da na dawo Kumo ina zaune, sai ɗan tayin tsaron shagon maganin feshi da nake yi wa yayana. To yanzu abu biyu sun taso mini lokaci guda. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu, shekara ɗaya, amma babu tallafi, mu za mu biya komai. Baffana ya ce zai sayar da gonarmu ta gado da shanun huɗa biyu, kawuna ya cika sauran a matsayin rance. Na biyun kuma, an ce in zo a ɗauke ni aikin wucin gadi a wani wurin rainon itatuwa kusa da Gombe, albashin da ba zai kai mutum tsakiyar wata ba. Waɗanda suka je waje a wannan fannin, don girman Allah ku faɗa mini gaskiya: me karatun ya canja muku a wajen aiki? Ba na son in tsiyata tsoho a kan abin da ban san ƙarshensa ba.

Mai Gawayi:
Wa alaikumussalam. Wai kai yanzu sai ka je Ingila za a koya maka marke da kiriya? Zo Alkaleri in koya maka a mako ɗaya, kuɗin makaranta buhun gawayi uku.

Shugaban Zaure:
Mai Gawayi, yaro na maganar gonar gado kana wasa. Ka bari manya su yi magana tukuna.

Na Sanyi:
Ƙanena, daga Ingilan nake rubuto maka, kuma hanyar da kake son bi ita na bi a 2022. Kada ka bari a sayar da gonar nan. Na faɗa maka tun farko kada in yi ta zagaye.

Ni gidan mahaifiyata na Bauchi aka jinginar. Lokacin da na yi lissafi dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Yunin 2023 aka saki naira, kafin shekara ta zagayo dala ta haura 1,500, ni kuma da sauran kashi na ƙarshe na kuɗin makaranta a kaina. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako idan ana karatu. Aikin da ake samu cikin sauƙi kuwa na kula da tsofaffi ne, ko ɗaukar kaya a sito da dare. Na gama karatun da sakamako mai kyau, alhamdu lillahi, amma yau shekara ta nawa ban riƙe tef ɗin awon itace ba. Aikin daji a nan yana son lasin tuƙi nasu, da takardar shaidar iya injin yankan itace, da sanin itatuwansu da dokokinsu, ga shi a ƙauyukan da ba ka san kowa ba. Komawa gida kuma da bashi a wuya, da wace fuska? Haka na maƙale. Ban ce karatun banza ba ne. Wanda ya ci bashi ya je, bashin ne yake zaɓar masa aiki daga baya, ba digirin ba.

Ɗan Kumo:
Allah ya warware maka Yaya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Hamma Na Dukku:
Amin. Abin da Na Sanyi ya faɗa gaskiya ne, amma kada a tsorata yaro da tafiyar baki ɗaya. Ni na je Jamus, na yi shekara biyu, da tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje tallafin karatu, ko akuya ba a sayar ba a gidanmu. Kuma ba zan ɓoye ba, tafiyar ce ta sa yau nake cin abinci. Bari in bayyana yadda abin yake, don mutane na ɗauka wani sirrin itace ake koyarwa a can.

Game da itatuwanmu ban ƙaru da komai ba. Malamin da ya duba aikina bai taɓa ganin gawo da idonsa ba sai a hoto. Dajinsu wani abu ne daban: kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar daji ne, kowane yanki da lambarsa da littafinsa, ana buɗe maka takarda ka ga wanda ya dasa da shekarar da za a sare. Akwai itacen da sai ya haura shekara 150 ake taɓa shi. Makarantar daji ta Tarant kusa da Diresdin tun 1811 take. Babu mai kora shanu ciki, babu matar da za ta shiga da gatari don ta dafa tuwon dare. Su ma dai suna da nasu ciwon kan, don daga farin 2018 wani ƙwaro mai cin ɓawo ya kashe musu itatuwa masu ganye kamar allura da suka dasa iri ɗaya sahu-sahu, ka ga tsauni guda ya bushe ƙurmus. Amma ciwonsu ba namu ba ne.

Abin da na samo shi ne ƙirga da rubutawa. Yadda za ka yanka fili ka auna kaurin kowane itace a tsayin mita 1.3, ka mayar da shi lissafin da wani a Nairobi ko Roma zai duba ya yarda. Yadda za ka sauke hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, wanda kyauta ne, ka buɗe shi a manhajar taswira ta QGIS, shi ma kyauta, ka nuna hekta nawa ta tafi a shekara biyar. Yadda ake rubuta takardar neman kuɗin aiki. Sai kuma mutane: ɗan ajinmu daga Habasha shi ya turo mini tallar aikin ƙungiya na farko da na samu bayan na dawo. A jami'armu ta gida na yi kwas ɗin awon daji, na ci, amma na'urar auna tsayin itace guda ɗaya ce, a kulle a ofis, sai dai a ɗaga mana ita a aji mu gani.

Da na dawo na koma ma'aikatar da na baro. Aka ce in kai takardata Abuja a tantance, na kai. Aka ce in jira ƙarin girma, na jira. Na rubuta shirin ƙidayar itatuwan gandu biyu, shafi ashirin, aka ce ya yi kyau amma babu man mota. Wata goma sha huɗu ina zuwa ofis ina sa hannu ina komawa gida. Sai na ajiye. Yanzu ƙungiyoyi da ayyukan da ke da kuɗin waje nake yi wa taswira da rahoto. Kuɗin ya ninka na da sau da yawa. Amma in faɗi abin da ke damuna: bara na ƙirga, kwanan da na yi a ɗakin taro na otal ya fi wanda na yi a daji.

Baba Malamin Daji:
To madalla da ka faɗa da bakinka, ɗana. Da ni na faɗa sai a ce tsoho na hassada.

Ni a kwalejin gandun daji ta Jos na yi nawa karatun, na yi shekara 35 ina aiki tsakanin Toro da Ningi da Misau, na yi ritaya ban taɓa hawa jirgi ba sai na Makka. Na ga 'yan waje sun zo sun wuce ta hannuna da yawa. Bari in ba ku labarin ɗaya, ba zan kama suna ba, yanzu babban mutum ne. Ya dawo da zafinsa, ya ce a daina shuka maina da itacen turare, a koma itatuwan gida. Na ce wannan magana ta yi. Muka cika leda dubu biyu da ƙasa da taki, aka sa ƙwallon kaɗanya. Mako uku shiru, wata guda shiru. Ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce iri ya mutu, a zazzage ledojin a sa wani abu. Tsohon leburanmu, Allah ya jiƙansa, bai ce uffan ba, sai ya ɗauki leda ɗaya ya yage ta a gabansa. Ga saiwa fara sol ta bi ƙasa har tana neman huda gindin ledar. Kaɗanya ƙasa take fara yi kafin ta leƙo sama. Ya ce masa, ranka ya daɗe, ba ta mutu ba, gida take ginawa.

Haka ƙwallon nata, in ka bar shi ya bushe a buhu ka yi asara, ɗanye ake shuka shi. Ɗorawa da gawo da kiriya kuwa akasin haka, ɓawonsu tauri, sai ka jiƙa a ruwan zafi ko ka kankare gefe. Gawo ma cikin akuya ya fi iya yi masa wannan aiki. Wannan ba a Jamus yake ba, ba a Jos ma yake ba, a hannun leburori yake.

Amma zan yi adalci. Yaron nan shi ya fara tilasta mana buɗe littafi: nawa aka shuka, nawa suka tsiro, nawa aka dasa, nawa suka ga damina ta biyu. Mu da a da ranar dashe kawai muka sani, a zo da baƙi da makaɗa, a dasa, a watse. Da muka ƙirga abin da gara da awaki da bazara suka bari, kunya ta kama mu duka.

Mai Gawayi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, maina dai da kuke rainawa ita ta rufa wa garuruwanmu asiri. Kuma ita ma ai 'yar ƙasar waje ce, daga Indiya aka kawo ta. Ta yi karatu a waje ta dawo ta yi aiki.

Baba Malamin Daji:
Ja'iri. Turare ma daga Ostareliya yake, amma dasa shi kusa da rijiyarka ka gani.

Adda Ta Bajoga:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki ta ɓangaren koyarwa, tunda ita ce hanyar da mafi yawan masu digiri na biyu a fanninmu suke ƙarewa a kai.

A jami'a takarda tana da daraja kai tsaye, ba kamar ma'aikata ba. Mai digiri na biyu mataimakin lakcara ne, mai na uku ya shiga a lakcara na biyu, daga nan kuma rubuce-rubucen da ka wallafa su ke ɗaga ka. A nan ne wanda ya je waje yake tsere wa na gida, don ya saba da rubutun da mujallu ke karɓa kuma yana da wanda zai sa suna tare da shi. Ni a Malesiya na yi digiri na uku da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Wannan ƙofar ma an tura ta, a Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura malamai waje, saboda tsada da kuma waɗanda suka je suka ƙi dawowa.

Kuskuren da na yi nake so Ɗan Kumo ya ji. Malamina yana da kuɗin bincike a kan dajin kurmi na can, inda ruwa ke sauka kusan duk shekara, sai na bi shi don sauƙi. Shekara huɗu ina auna itatuwan da babu ko ɗaya a Gombe. Na dawo Dakta, aka ba ni aji, wani ɗalibi daga Nafada ya tambaye ni me ya sa ƙaron dakwara ya fi zuba idan an tsaga ta da sanyin hunturu, na tsaya ina kame-kame. Sai da na koma ɗaliba a wajen masu tsagar ƙaro kafin na daina jin kunyar shiga aji. Abokin aikina da ya je Niyuzilan, shi bincikensa a dajin Ngel Nyaki na tsaunin Mambila ya yi shi, yana zuwa can yana komawa. Ranar da ya dawo bai rasa komai ba, filinsa na nan, mutanensa na nan. Ƙasar da ka je ba ita ce magana ba. Inda ka kafa turakun bincikenka, nan aikinka zai tsaya.

Sannan ga mata masu karatu a zauren nan, tunda babu mai faɗa: daga Janairun 2024 Ingila ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali. Ni da goyo na tafi Malesiya da maigidana, da ba haka ba da ban je ba.

Hamma Na Dukku:
Adda ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni na yi sa'a na dage sai a gida zan ɗauki bayanaina, na zo na yi wata uku tsakanin Dukku da Wawa Zange. A nan na gane iyakar na'ura. Na sa kwamfuta ta ware mini itatuwa daga hoton watan Agusta, ta ba ni taswira kore shar, ashe gero da dawa take ƙirgawa. Gawo kuma, wanda shi ne babban itacen gonakin wajen, da damina yake zubar da ganye, sai ta nuna wurinsa fili. Wani manomi na nuna wa taswirar a waya, ya yi dariya ya ce, ai gawo da rani yake sa riga. Na koma na ɗauko hoton Fabrairu, komai ya fito. Da na ba da wannan labari a can, malamin ya sa na maimaita wa ajin gaba ɗaya.

Ɗan Alkaleri:
Ni tambayata, wai waje sai Turai? Mu da ke gefen Yankari abin da ke gabanmu giwa ce ta shiga gonar mutum a dare ɗaya ta gama da noman shekara, da mafarauta, da shanu, da masu sare itace. Daji ne mai murabba'in kilomita 2,244, tun 1956 aka keɓe shi. Wane Bature ne zai koya maka yadda za ka tsaya gaban mai gonar da giwa ta tattake ka hana shi ɗaukar bindiga? Makarantar namun daji ta Mweka a Tanzaniya tun 1963 take horar da irinmu, ga ta Garwa nan Kamaru, mota ma za ta kai ka. Shingen amya da ake yi don korar giwa, tunda tana tsoron ƙudan zuma, a Kenya aka gwada shi. Waɗannan matsalarsu irin tamu ce.

Baba Malamin Daji:
Ka ma yi nisa. Maraɗi fa? A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, sai ya lura cewa sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara kututtukan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na ƙasa. Ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka aske sauran, ka hana wuta da gatari. Shi ke nan. Ba leda, ba ban ruwa, ba tanka. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 da wannan. Hausawa 'yan'uwanmu ne, da Hausa za su yi maka bayani. Amma in ka ce ka je Maraɗi karo ilimi, wa zai ƙara maka girma a ofis?

Adda Ta Bajoga:
Baba, abin dariyar shi ne a Malesiya na fara jin labarin Maraɗin nan, a aji, da Turanci.

Mai Gawayi:
To kun gani. An sayar da gona an je an ji labarin maƙwabci.

Injiniya GRA:
Ku yi haƙuri, ni ba fanninku na karanta ba, amma ina ganin kuna ruɗa yaro da labarin kututture. Ku dubi inda kuɗi yake. Bankin Duniya ya ware dala miliyan 700 a shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Bauchi da Gombe duk suna cikin jihohi 11 da ya shafa. Gombe ta ƙaddamar da nata shirin 3G a 2019 da burin dasa itatuwa miliyan ɗaya kowace shekara. Ga maganar cinikin iskar kabon da ke tasowa, inda ake biyan mutum kan iskar da itatuwansa ke zuƙewa. Idan za a ɗauki ƙwararre a irin waɗannan, wa kuke ganin za a kira, mai takardar Ingila ko mai cika leda da ƙasa? Gona ai ana sayen wata. Tafiya mabuɗin ilimi.

Na Sanyi:
Injiniya, da kuɗin wa za a sayi watan? Ni ma haka aka ce mini, shekara ɗaya ka fanshi gidan. Har yau yana hannun mutane.

Hamma Na Dukku:
Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni shaida ne. Takardar waje tana sa a saurare ka. Abin da na faɗa a ofis aka yi banza da shi, shi na faɗa bayan shekara uku a taro, da tambarin wata ƙungiya a wuyana, waɗanda suka ƙi ji a da suna rubutawa. Ba ni na canja ba, kujerar ce. Amma ina zama a kwamitin tantance masu neman aiki yanzu, kuma na ga masu takardar Ingila da ba su taɓa kwana a ƙauye ba. Tambaya ɗaya nake musu: an ba ka dashe dubu goma a watan Yuli, faɗa mini abin da za ka yi daga Nuwamba zuwa Mayu. Wanda bai ambaci shinge da gara da wanda zai yi ban ruwa da abin da za a ba shi ba, na san bai taɓa binne itace ba. Maganar kabon ɗin ma awo ce, sai ka tabbatar itacen na nan da rai bayan shekaru kafin a biya. A 2020 masu bincike na jami'ar Kopenhagen da hukumar NASA sun ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel daga sama, ɗaya bayan ɗaya. Amma hoton ba zai gaya maka wannan aduwa ce ko magarya ba, balle na wane ne, balle wa ke da ikon sara. Sai an taka.

Kuma ga abin da Ɗan Kumo bai sani ba, ina jin. Tallafin DAAD na irin kwasa-kwasanmu, har da na dajin ƙasashe masu zafi a Tarant, sharaɗinsa ka yi aiki aƙalla shekara biyu bayan digirin farko. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Ingila, su ma shekara biyu na aiki suke nema, kuma ka dawo gida ka zauna shekara biyu bayan ka gama. Wato aikin rainon itatuwan da kake gani ƙarami, shi ne tikitin. Ko da kuɗinka za ka je, akasarin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai ka nuna kuɗin cin abincin shekara a asusun da ake kullewa, yuro 11,904 ne a 2025. Shi ma ba wasa ba ne a naira, amma ka ga bambanci.

Injiniya GRA:
Shekara biyu yana cika leda, in kuma bai samu tallafin ba fa? Dubbai ke nema.

Hamma Na Dukku:
Zai iya rasawa, ni ma sai a karo na biyu na samu. In ya rasa, gona na nan, sana'a na hannunsa. In ya tafi yanzu abin ya ƙi, me ke nan?

Goggon Yara:
Ni uwa ce, ban san kabon ba. Ɗana, Baffanka shekararsa nawa, kuma ƙannenka nawa ke ci daga gonar nan? Tsoho idan ya ce zai sayar, kunyar ka zauna a gabansa ba aiki ce ke cinsa, ba wai gonar ta ishe shi ba. Kada ka ce masa a'a kai tsaye, zai ji kamar ka raina ƙoƙarinsa. Ka samu kawun naka ku je tare, ka ce masa an ba ka shawarar wata hanya da gwamnatin can ke biya, amma sai ka yi aiki tukuna. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ɗan Kumo:
Goggo, ya haura saba'in. Mu tara ne, ni ne na uku, huɗu na makaranta. Kuma akwai abin da ban faɗa ba. A gonar akwai ɗorawa huɗu da kaɗanya da tsamiya da wata kiriya babba da kakanmu ya hana a taɓa. Daddawar da innarmu ke sayarwa daga nan take. Wanda ya taya gonar, ranar da ya zo dubawa bai kalli ƙasar ba, kiriyar ya yi ta zagayawa yana bubbuga ta.

Mai Gawayi:
Wannan namu ne, na gane shi tun daga nan. Kiriya gawayinta ba ya saurin cinyewa, maƙera ma shi suke nema. Wallahi kafin ka sauka a Landan ta zama buhuna. Yau dai ban da wasa, kada ku sayar masa.

Baba Malamin Daji:
Ka ji mai abin ya faɗa. Haka aka yi wa madobiya a Taraba, aka yi ta lodi zuwa Caina har sai da aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. A je a karanto yadda ake tsare daji da kuɗin kiriyar kaka, ni dai ban iya wannan lissafin ba.

Adda Ta Bajoga:
Ɗan Kumo, in ka karɓi aikin, kada ka yi shi kamar lebura mai jiran wata. Sayi littafi mai bango mai tauri. Kowane iri ka rubuta inda aka samo shi, ranar shuka, yadda aka jiƙa shi, nawa ya tsiro. Ka bi dashen inda aka kai shi ka sake ƙirgawa bayan bazara. Shekara biyu na wannan ya fi duk wata wasiƙar roƙo da za ka rubuta wa masu tallafi. Ka rubuta wa jami'ar Ingilan kuma ka tambaya ko za su ɗage maka gurbin zuwa baɗi, wasu suna yi.

Injiniya GRA:
Ni dai na faɗi nawa. Nan da shekara biyar a tuna da ni.

Shugaban Zaure:
An rubuta, Injiniya.

Ɗan Kumo:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Mun je da kawu kamar yadda Goggo ta ce. Baffa ya yi shiru har na tsorata, sai ya ce to a bar maganar sai bayan kaka, in ya so a sake zama. Bai ce ya fasa ba, kuma mai tayin yana nan yana aike. Jami'ar ba ta amsa wasiƙata ba tukuna. Aikin na fara ranar Litinin, hannuna duk ya yi kanta, akasarin abin da ke wurin maina ce da mangwaro da kashu. Na roƙi shugaban wurin ya ba ni layi biyu in gwada ɗorawa da gawo, ya ce in dai ni zan nemo irin. Hamma, na ari tef ɗin ɗinkin innarmu na fara da itatuwan gonarmu jiya. Kiriyar sai da na haɗa da igiya. Amma kalgon gefen kwari ya rabu gida biyar tun daga ƙasa, bai san da wata mita 1.3 ba. Wanne zan auna?

Hamma Na Dukku:
Duka biyar, kowanne daban, ka ba su lamba ɗaya da harafi, 7a, 7b, haka. In reshen bai kai tsayin ba ka auna a ƙasa kusa da gindi ka rubuta tsayin da ka auna. Abin da tef ɗin ɗinki ya ba ka kewaye ne, ka raba da 3.14 ka samu kauri. Ka kunna GPS na wayarka a gindin kowanne. Turo mini hoton shafin da daddare in duba.

Baba Malamin Daji:
Irin gawo kuma kada ka saya. Ka je inda awaki ke kwana da rani ka tona takin, yana ciki, an riga an jiƙa maka.